Yadda Nake Zuwa Tafkunan Kan Tsauni da Karnukana a Hutun Ƙarshen Mako

Karnuka biyu gare ni. Akwai Barde, namiji mai nauyin kilo 28, shekararsa huɗu, ƙarfinsa kamar ba zai ƙare ba. Sai Yalwa, 'yar ƙaramar karya mai kilo 12, ta haura shekara tara, gashin bakinta har ya fara furfura. Karon farko da na nufi wani tafki na kan tsauni da su, da ƙafar Barde na auna tafiyar. Mun yi awa biyu muna hawa, rana ta take, ina waiwayawa sai na ga babu Yalwa. Na koma da baya na tarar ta cusa kanta a ƙarƙashin wani dutse, harshenta ya zazzago ya yi faɗi, haƙarƙarinta na sama da ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ƙi tafiya ba, bina kawai take yi har ƙarfinta ya ƙare. A kafaɗa na sauko da ita, ƙanena yana riƙe da Barde, kuma ranar ko ruwan tafkin ban gani ba.

Tun daga wannan rana na sauya yadda nake shirya tafiya. Kare ba ya cewa ya gaji. Muddin yana ganin bayanka zai bi ka, saboda haka lissafin nisa da zafi da ruwan sha duk a wuyanka yake, kuma da mafi rauni a cikin karnukan za ka yi lissafin.

Daga zaɓen wuri ake farawa, tun kana gida. Kafin hoton tafki ya ruɗe ka, ka binciki ko ana barin kare ya shiga. Wurare sun bambanta ƙwarai a kan wannan. Gandun dajin ƙasa na Suwizalan bai yarda da kare ba sam, ko da yana ɗaure da igiya. Yawancin manyan gandun dajin gwamnati a Amurka suna barin kare a wurin ajiye motoci da sansanin kwana, da sharaɗin igiyar kada ta wuce ƙafa shida, wato kusan mita 1.8, amma da yawansu sun hana shi bin hanyoyin ƙafa na cikin daji. Tafkin da gari ke shan ruwansa kuma sau da yawa ba a yarda dabba ta shiga ciki. Ni kiran waya nake yi in ji daga bakin mai kula da wurin, domin abin da aka rubuta a intanet yakan tsufa. Haka nake yi da masauki: ina faɗa musu karnuka biyu ne, ga girmansu, in tambaya ko za su kwana a ɗaki tare da ni ko akwai inda ake ajiye su. Gara a ce maka a'a ta waya da ka isa da dare a mayar da kai.

Sai nisa. Akwai wani tsohon lissafi da masu hawan dutse ke amfani da shi, wanda wani ɗan Sukotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5 ta tafiya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mutum ne mai ƙarfi wanda ba ya tsayawa. Da kare, ni rabi nake ƙarawa a kai, don akwai shinshine-shinshine, da shan ruwa, da hutawa a inuwa. Hanyar da aka ce awa biyu ce, awa uku nake ba ta. Ga Yalwa, ba na wuce kilomita 8 zuwa da dawowa, hawan kuma bai fi mita 400 ba. Idan karenka iyakarsa zagayen unguwa, kada ka ɗauke shi daga nan kai tsaye zuwa kan tsauni. Ka ba shi mako uku ko huɗu kana ƙara masa nisa kaɗan-kaɗan, a kan tsakuwa da tudu, domin fatar tafin ƙafarsa ta yi kauri. Kwikwiyon da bai cika shekara ba, ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, doguwar hanya mai gangare tana iya yi wa gaɓoɓinsa illa. Karnuka masu gajeren hanci da fuska a lotse kuwa numfashi ne matsalarsu, zafi da hawa suna saurin galabaitar da su.

Mako biyu kafin tafiya nakan leƙa wurin likitan dabbobi. Allurar ciwon haukan kare ita ce ta farko, ba ma don tafiya kaɗai ba. Sai allurar wata cuta da ake kira leftosfirosis, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ko namun daji ya gurɓata; tana taɓa ƙoda da hanta, kuma mutum ma yana kamuwa da ita. Sai maganin kaska da ƙuma. Idan irin wanda ake ɗiga wa kare a bayan wuya ne, a ɗiga shi aƙalla kwana biyu kafin ya shiga ruwa. In ba haka ba, ruwa zai wanke maganin, kare ya zauna babu kariya, ƙwarin da kifi ke ci a tafkin kuma su sha guba. Wanda zai tsallaka iyakar ƙasa sai ya fara shiri da wuri fiye da haka. A ƙasashen Tarayyar Turai, alal misali, sai an dasa wa kare ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kuma sai an jira kwana 21 bayan allurar haukan kare ta farko kafin ya ƙetara. Ko ba za ka bar ƙasa ba, ka rataya masa lambar wayarka a wuya, sannan ka rubuta lambar likitan dabbobi mafi kusa da inda za ka a takarda, domin a cikin kwari waya takan rasa sabis.

Kayan da nake ɗauka ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Ɗamarar ƙirji mai mariƙi a baya ta fi abin wuya, domin idan kare ya zame a kan dutse kana iya ɗago shi ba tare da ka shaƙe shi ba. Igiya biyu: gajera ta hanya, da doguwa mai mita 10 ta bakin tafki. Igiyar nan mai shiga da fita cikin akwatin roba ba na zuwa da ita kan tsauni, ta taɓa yankar min yatsa lokacin da Barde ya zabura. Akwai kwanon roba mai naɗewa, tawul biyu, tsohon bargon da suka saba kwana a kai, ledojin kwashe kashi, tocila, da abincin da suka saba ci, an ƙara kaɗan. Ba a sauya wa kare abinci a kan hanya, zawo ne zai biyo baya. A 'yar jakar magani akwai bandeji, auduga, ruwan wanke ciwo, almakashi, hantsakin cire kaska, safar yara guda biyu don rufe ƙafar da ta yanke, da takunkumi, saboda karen da ya ji ciwo yana iya cizon ubangidansa ba da nufi ba. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa, irin su ibuprofen da farasitamol, kada ka kuskura ka ba kare da ra'ayin kanka, suna iya lalata masa ciki ko ƙoda ko hanta. Haka cakulan da inabi da zabibi, guba ne a gare shi, don haka guzurinka ya zauna a jakarka.

Ruwa shi ne ya fi komai nauyi, kuma shi ne ba na ragewa. A rana ta yau da kullum kare yana buƙatar wajen mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyinsa. Barde ke nan lita ɗaya da rabi, Yalwa kusan kashi biyu cikin uku na lita. Ranar hawa ninkawa nake yi. Za ka ce ai tafki za mu, me zai sa in yi dakon ruwa? Zan zo kan wannan.

Ranar Juma'a da yamma muke kama hanya. Nakan ba su abinci awa uku kafin mu tashi, don kada jijjigar mota da kwane-kwanen hanyar tsauni su sa su amai. Ba na barin su sake a cikin mota. Yalwa tana cikin kejinta, Barde kuma ɗamararsa na maƙale da bel ɗin kujerar baya. Duk bayan awa biyu sai mu tsaya su miƙe ƙafa, kuma sai na sa igiya kafin in buɗe ƙofa, domin a baƙon wuri ne kare ya fi ɓacewa. Abu ɗaya da ba ni da sassauci a kansa shi ne barin kare a rufaffiyar mota. A cikin awa ɗaya zafin cikin mota yana iya ɗara na waje da kusan digiri 20, ko da an ɗan sauke gilashi. Idan za a sayi wani abu, ɗayanmu ya shiga, ɗaya ya tsaya da su a inuwa. Da mun isa masauki, bargonsu nake fara shimfiɗawa. Da zarar Yalwa ta ji ƙanshinsa, sai ta zagaya sau biyu ta kwanta, kamar a gida take.

Asabar da asuba muke fara hawa, gari bai gama wayewa ba. Dalili biyu ne. Na farko sanyin safiya, na biyu kuma a tsaunuka da yawa hadari da tsawa da rana suke haɗuwa, kuma ba ka so walƙiya ta riske ka a fili a bakin ruwa. Abinci kaɗan nake ba su, awa ɗaya ko fiye kafin mu tashi. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji, idan suka cika ciki suka kama gudu, tumbinsu yana iya kumbura ya murɗe, kuma wannan sai fiɗa cikin gaggawa. Kada ka manta da rigar sanyi ko da a ƙasa zafi ake yi, domin duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6.5. Idan tafkin ya haura mita 2,500, iska ta fara yin ƙaranci, kai da karen duka kuna bukatar tafiya a hankali.

A hanya idona yana kan Yalwa. Kare ba ya zufa a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa. Haki kaɗan ba komai ba ne. Amma idan harshe ya yi tsawo ya faɗaɗa, yawu ya yi kauri yana dalala, dasashi ya yi jajir, ko ya fara neman inuwa yana kwanciya, to a tsaya nan take. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai. Idan ya kai 41 ransa na cikin haɗari. Abin yi shi ne a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi a ciki da cinyoyi da wuya, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in zai sha. Sai an fara sanyaya shi sannan a nufi likita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, riƙe zafin yake yi. Duk bayan rabin awa ina tsayawa in zuba musu ruwa ko ba su nema ba. Idan muka zo falalen dutse da rana, nakan ɗora bayan hannuna a kai in ƙirga biyar. In ban iya jurewa ba, ƙafarsu ma ba za ta iya ba.

Isowa tafkin kan tsauni wani abu ne da ban taɓa sabawa da shi ba. Kana ta fama da hawa, ba ka ganin komai sai duwatsu da ƙafafunka, sai kawai ƙasa ta baje, ga ruwa kwance shiru, tsaunin gaba ɗaya ya kifa a cikinsa. Barde yakan tsaya cak, kunnuwa a miƙe, jikinsa na rawa don ɗoki. A daidai wannan lokacin ne nake ƙara riƙe igiya.

Kafin kowa ya taɓa ruwan, sai na zagaya bakinsa na duba. Abin da nake nema wata irin gansakuka ce mai launin kore da shuɗi-shuɗi, wadda takan taso a saman ruwa kamar an zubar da fenti, ko ta taru a gefen da iska ke kaɗawa kamar kumfa. A gaskiya ƙwayoyin halitta ne masu fitar da dafi, wani ya taɓa hanta, wani ya taɓa jijiyoyi, kuma yana iya kashe kare cikin awoyi kaɗan, babu makarinsa. Ta fi yawa a lokacin zafi, a ruwan da ba ya gudu. Ba sai kare ya sha da yawa ba, ko lasar gashinsa bayan ya fito ya isa. Idan na ga alamarta, ko na ga matattun kifaye, ko ruwan yana wari, ba a shiga. Wata rana ƙanena ya ce min, "Yaya, ai can gefen garau yake, ka bar shi ya ɗan yi wanka mana." Na ce masa iskar da ta tara ta a nan ita ce za ta kai ta can. Muka zauna a kan dutse muka sha kallo, Barde yana ta ƙananan koke-koke, amma da ƙafarsa ya koma gida. Ko ruwan da yake garau ma yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa zawo, shi ya sa nake ba su na gora su ƙoshi kafin in sake su, don kada ƙishirwa ta sa su kafa kai a tafkin.

Idan ruwan ya yi, sai in sa wa Barde doguwar igiya in nemi inda gaɓar ta gangara a hankali. Tafkunan kan tsauni sukan yi zurfi farat ɗaya, kuma sanyinsu ba wasa ba ne, musamman waɗanda ƙanƙara ke narkewa cikinsu. Minti goma ya ishe shi, sai ya fito in goge shi. Ba kowane kare ne ya iya iyo ba, kuma ba a jefa kare cikin ruwa don ya koya. Yalwa iyakarta gwiwa, ban taɓa matsa mata ba. Ba na yawan jefa sanda cikin ruwa kuma, domin duk ɗaukowar da kare zai yi da baki a buɗe ruwa yake haɗiya, in ya yi yawa yana iya jirkita shi. Akwai ranar da muka tashi da safe na ga wutsiyar Barde ta saki, ta rataye kamar tsumma, ko taɓawa ba ya so a yi. Hankalina ya tashi. Likita ta ce min tsokar gindin wutsiyar ce ta gaji saboda iyo a ruwan sanyi, ta ba shi magani, cikin kwana huɗu ya warware.

Kashinsu kuwa kwashewa nake yi in sauko da shi. Na sha ganin leda a ɗaure an ajiye a gefen hanya wai sai an dawo, kuma ba a dawowa. Irin wannan ne ke sa a kafa allon hana karnuka a wurin da a da ake barinsu. Inda aka yarda a binne, a yi nesa da ruwa kamar taku saba'in, a haƙa rami mai zurfin taƙi guda.

A saukowa ne aka fi samun matsala, domin kowa ya gaji, gangare kuma yana cin gwiwa da tafin ƙafa. A nan ne kuma muka fi haɗuwa da garken shanu ko tumaki. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta bambanta karenka da kura. Ka gajarta igiya, ka yi musu nisa, kada ka ratsa tsakanin uwa da ɗanta, kada kuma ka ɗaura igiyar a ƙugunka ko ka naɗe ta a hannu. Idan shanu suka taso muku da gaske, saki karen. Ya fi ka gudu, zai tsira, kai kuma za su rabu da kai tunda ba kai suke nema ba. Ban da wannan hali, igiya ba ta barin hannuna a inda dabbobi suke. Tsuntsaye da yawa a ƙasa suke yin sheƙa, kare mai wasa kawai yana iya tarwatsa ƙwan shekara guda. Idan kuwa maciji ya sare shi, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure. A ɗauke shi a hana shi tafiya, a nufi likita.

Da daddare, kafin in ci abinci, sai na zauna da tocila na bi jikinsu da hannu. Cikin kunne, ƙarƙashin abin wuya, hammata, matsematsi, tsakanin yatsu. Kaskar da ba ta sha jini ba ba ta fi ƙwayar riɗi ba, da yatsa ake jin ta kafin ido ya gani. Sai a kama ta da hantsaki dab da fata a zare a hankali, ba a matse cikinta, ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. Yawancin cututtukan da take sawa sai ta daɗe a maƙale, kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa duban kowane dare yake da amfani. Daga nan in duba tafin ƙafa ko akwai tsaga ko ƙaya. Yalwa takan miƙo min ƙafar da kanta, idanunta a lumshe.

Lahadi ba ranar hawa ba ce a wurina. Jikinsu ya yi tsami, nawa ma haka. Ita ce ranar ganin abin da ke kusa: wata matsirgar ruwa da ba ta da nisa da titi, tsohuwar gada, wurin da ake tsayawa a hango kwari, ko zagaya ƙauyen da muka sauka da sassafe kafin mutane su yi yawa. Gidajen tarihi da wuraren ibada ba a shiga da kare, don haka ni da ƙanena karɓa-karɓa muke yi, ɗaya ya shiga ɗaya ya zauna da su. A cikin jama'a igiya gajera ce, karnukan suna gefen da ba mutane. Ba kowa ke son kare ya matso shi ba, wani tsoro yake ji, kuma haƙƙinsa ne. Idan na hango mutum yana ɗari-ɗari, ni nake kaucewa in ba shi hanya tun kafin ya yi magana. Yaro in ya nuna yana son taɓawa, sai na nemi izinin babban da ke tare da shi, kuma Yalwa kaɗai nake bari a taɓa, don ita ce mai haƙuri. Karnukan garin su ma da iyakarsu, in sun yi haushi ba na tsayawa, wucewa muke yi salin-alin.

Da azahar muke juyowa, don mu isa gida da sauran haske. Tun kafin mu fita daga kwane-kwanen tsaunin barci ya kwashe su. A gida sai wanka da ruwa mai ɗumi, in sake bin jikinsu ko wata kaska ta ɓuya, in wanke bargo da tawul. Mako biyu zuwa uku bayan dawowa ina sa musu ido. Idan ɗayansu ya ƙi abinci, ko ya yi lakwas, ko ya fara ɗingishi, ko fitsarinsa ya yi duhu, ba na jira in ga abin da gobe za ta yi. Ina kai shi wurin likita, in faɗa mata ranar da muka je tsauni, da ruwan da ya shiga, da ko na cire masa kaska.